Georg Ohm, ɗan maƙerin da ya auna wutar lantarki

In magariba ta yi a unguwar Maurey ta Yamai, sai fitilu su kama a shaguna. Tela ya jona ƙarfen guga da kuran. Nan da nan ƙarfen ya yi zafi jau, amma wayar da ta kawo masa wutar ba ta yi zafi ba. Mutumin da ya buɗe hanyar gane dalilin haka sunansa Georg Simon Ohm.

An haifi Ohm ran 16 ga watan Maris na 1789 a garin Erlangen, cikin ƙasar Jamus. Ubansa maƙeri ne mai ƙera kwado da makulli. Bai yi karatu mai zurfi a makaranta ba, shi ya koya ma kansa lissafi daga littattafai. Uwar Ohm ɗiyar tela ce. Ta rasu yana da shekara 10. Uban ya riƙa zama da ƴaƴansa maza biyu, Georg da ƙanensa Martin, yana koya musu lissafi a gida.

A 1805 Ohm ya shiga jami'ar Erlangen. Maimakon karatu, sai ya sa kansa ga rawa da wasanni. Uban ya husata, domin kuɗin karatun da gumi ya same su. Ya fid da shi, ya aike shi ƙasar Suwis, inda ya zama malamin lissafi a 1806. Can ya yi hankali. Ya yi ta karatu shi kaɗai, har ya komo gida ya sami digirin dokta a 1811. Duk da haka talauci bai sake shi ba. Sai a 1817 ya sami aiki mai kyau a wata makarantar sakandare ta birnin Kolon, wadda ke da ɗakin gwaje-gwaje.

A zamanin nan mutane sun san wutar lantarki na bin waya, tun da Volta, mutumin Italiya, ya ƙera pil na farko a 1800. Amma ba a san yadda za a lissafa ta ba. Ohm ya ɗaura niyyar aunawa. Sana'ar ubansa ta yi masa rana, domin da hannunsa ya riƙa gyara wayoyi da kayan awo. Pil na lokacin ba ya riƙe ƙarfinsa, sai ya rage ana cikin awo. Saboda haka ya haɗa ƙarfe iri biyu, ya sa gefe guda cikin tafasasshen ruwa, guda cikin ƙanƙara. Da haka ya sami wuta mai ƙarfi daidai, marar canzawa. Ya jona wayoyin jan ƙarfe, gajeru da dogaye, ɗaya bayan ɗaya. Kowane lokaci yana duban yadda allurar awo ke karkata, yana rubutawa.

Ga abin da ya gano. Wuta cikin waya kamar ruwa ce cikin tiyo. Akwai ƙarfin da ke tura ta, ana auna shi da volt. Akwai yawan wutar da ke wucewa, ana auna shi da amper. Akwai kuma turjiyar da waya ke yi mata. Doguwar waya ko siririya ta fi gajera ko mai kauri turjiya. In an ninka ƙarfin turi, wutar da ke wucewa ta ninka. Don a san turjiya, sai a raba volt da amper.

Ya buga littafinsa a Berlin a 1827. Yana tsammanin za a ba shi kujera a jami'a, sai manyan malamai da dama suka yi watsi da aikin. Baƙin ciki ya sa ya bar aikinsa na Kolon. Ya yi wajen shekara 6 a Berlin yana ƴar koyarwa da ƙaramin albashi. A 1833 aka ɗauke shi a makarantar fasaha ta Nuremberg. A hankali masana na wasu ƙasashe suka sake gwajin, suka iske maganarsa gaskiya ce. A 1841 babbar ƙungiyar masana ta London ta ba shi lambar girma ta Copley. Kujerar jami'a kuwa, sai a 1852 ya same ta a Munich. Shekara 2 kawai ya yi bisanta, ya rasu ran 6 ga watan Yuli na 1854. A 1881 masana lantarki suka taru a Paris, suka amince da sunansa ga ma'aunin turjiya. Shi ne om.

Yanzu a koma shagon tela. Kuran na Nijar yana da volt 220. A ce ƙarfen guga na jan amper 5. Turjiyarsa ita ce 220 a raba da 5, wato om 44. In ana son a san ƙarfin aikinsa, sai a ninka volt da amper: 220 sau 5, wat 1100 ke nan. Wuta guda ce ke bin wayar da ƙarfen. Amma turjiyar wayar ƴar kaɗan ce, ta ƙarfen kuwa babba, shi ya sa zafin ya taru cikin ƙarfen. In aka jona kaya da yawa ga siririyar waya, amper ya yi mata yawa, ta yi zafi, tana iya ta da gobara.

Tambayoyi

1. Wace sana'a uban Ohm ke yi, kuma ta yaya ta taimaki ɗansa?
2. Shekara nawa Ohm ya jira tsakanin buga littafinsa da samun kujerar jami'a?
3. Tocila na da pil biyu, volt 3 ke nan, tana jan rabin amper. Turjiyar ƙwanta om nawa ce? Wat nawa take ci?