John Bowlby: Likitan da ya sa aka daina raba yaro da mahaifiyarsa a asibiti

A farkon shekarun 1950, idan aka kwantar da ƙaramin yaro a yawancin asibitocin Birtaniya, ba a barin iyayensa su zauna jinyarsa. Wasu asibitocin sau ɗaya a mako suke bari a zo dubiya. Hujjar ma'aikata ita ce zuwan uwa na tayar wa yaro hankali, in ba ta nan kuwa yakan yi shiru. John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwar yara da matasa, ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa wannan shirun alamar rauni ne.

Tasowarsa

An haife shi a Landan ranar 26 ga Fabrairun 1907. Mahaifinsa likitan tiyata ne na gidan sarautar Ingila. Kamar sauran 'ya'yan masu hali na wancan zamani, a hannun masu raino ya tashi, kusan awa ɗaya kawai yake ganin mahaifiyarsa a rana. Yana gab da cika shekara 4 mai rainon da ya fi shaƙuwa da ita ta bar gidan, abin da bai taɓa mantawa ba.

Bayan karatu a Jami'ar Cambridge, ya yi aiki a makarantar yara masu matsalar ɗabi'a, daga nan ya karanci likitanci, ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a Asibitin Maudsley.

Ɓarayi 44

A 1944 ya wallafa bincike kan yara 44 da aka kai asibitinsu saboda sata. Ya gano 14 daga cikinsu ba sa iya ƙulla ƙauna da kowa, kuma 12 cikin waɗannan 14 an raba su da uwayensu na dogon lokaci tun suna ƙanana.

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar ɗimbin marayu da yara marasa matsuguni a Turai, don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi ya rubuta mata rahoto. Rahoton ya fito a 1951, inda ya ce ƙaramin yaro na buƙatar shaƙuwa mai ɗorewa da uwarsa ko wani tsayayyen mai kula da shi, kamar yadda yake buƙatar abinci.

Fim ɗin da ya girgiza likitoci

Abokin aikinsa a Asibitin Tavistock da ke Landan, James Robertson, ya ɗauki fim a 1952 na wata yarinya 'yar shekara 2 da ta kwana 8 a asibiti ba tare da mahaifiyarta na jinyarta ba. Su biyun sun bayyana matakai uku da irin waɗannan yara ke bi: kuka da bore, sai yanke ƙauna, sai kuma yaro ya janye jikinsa har ya nuna halin ko-in-kula idan uwar ta zo. Likitoci da dama sun fusata, amma a 1959 wani kwamitin gwamnati ya ba da shawarar a bar iyaye su riƙa ganin 'ya'yansu a kowane lokaci.

Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta kai binciken Uganda a tsakiyar shekarun 1950, inda ta lura cewa jariran da uwayensu ke saurin amsa kukansu sun fi natsuwa da ƙarfin gwiwar rarrafawa su binciki abin da ke kewaye da su.

Suka

Aikinsa bai tsira daga suka ba. Masu fafutukar 'yancin mata sun ce an fake da shi wajen hana mata fita aiki. A 1972 likita Michael Rutter ya nuna cewa yaro na iya shaƙuwa da mutum fiye da ɗaya, kuma rikicin cikin gida kan fi rabuwar kanta illa.

Bowlby ya tattara nazarinsa a littattafai uku da suka fito a 1969 da 1973 da 1980. Ya rasu ranar 2 ga Satumbar 1990 a tsibirin Skye na Scotland, yana da shekara 83. A yau, a asibitocin yara na Birtaniya, akan tanadi wurin kwanan uwa ko uba a gefen gadon yaro.