Tarihin Anthony Lucas, injiniyan da rijiyarsa ta sauya harkar haƙar mai

Da hantsin ranar 10 ga watan Janairun 1901, wata rijiya da ake haƙawa a kan wani ɗan tudu mai suna Spindletop, kudu da garin Beaumont na jihar Texas a Amurka, ta yi aman laka, ta cillo bututun haƙa sama, daga bisani kuma ɗanyen mai ya yi tsiri har ya haura ƙafa 150. Sai da aka shafe kwana 9 kafin a iya rufe bakinta.

Mutumin da ya dage cewa akwai mai a ƙarƙashin wannan tudu, a daidai lokacin da manyan masana ke cewa babu, shi ne Anthony Francis Lucas, wani baƙo daga gaɓar tekun Adriyatik. Matsalolin da shi da abokan aikinsa suka yi fama da su a wannan rijiya, su ne dai ginshiƙan darussan da ɗaliban injiniyancin haƙar mai ke farawa da su a jami'o'i.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Lucas ne ranar 9 ga watan Satumban 1855 a birnin Split na yankin Dalmatiya, wanda a wancan zamani ke ƙarƙashin daular Ostiriya, a yanzu kuma yake cikin ƙasar Kuroshiya. Sunansa na yanka shi ne Antun Lučić, mahaifinsa kuma mai jiragen ruwa ne.

Ya yi karatun injiniya a babbar makarantar koyon fasaha ta birnin Graz, inda ya kammala yana da shekara 20. Makarantar ce dai shahararren masanin lantarkin nan Nikola Tesla ya shiga a 1875.

Daga nan Lucas ya shiga rundunar sojan ruwa ta Ostiriya, ya kai muƙamin ƙaramin laftanar. Duk da cewa bai wuce wannan muƙami ba, laƙabin Kyaftin ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

A 1879 ya kai wa wani ɗan'uwansa ziyara a garin Saginaw na jihar Michigan, kuma daga wannan ziyara bai koma bakin aikinsa ba. Ya samu aiki a masana'antar yanka katako, ya sauya sunansa zuwa Anthony Lucas, ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1885. Shekara biyu bayan haka ya auri Caroline Fitzgerald, suka zauna a birnin Washington, shi kuma ya koma aikin injiniyan ma'adinai.

Darasin gishiri

A 1893 aka ɗauke shi aiki a wata mahaƙar gishiri da ke Petite Anse a jihar Louisiana. Shekarun da ya yi a can su ne suka ba shi ilimin da ya bambanta shi da sauran masu neman mai na zamaninsa.

Gaɓar tekun Meziko dai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, amma jefi-jefi akan tarar da ƙananan tuddai masu zagayayyen kai. Lucas ya haƙa da dama daga cikinsu, ciki har da Jefferson Island da Belle Isle, ya tarar da cewa a ƙarƙashin kowanne akwai wani ƙaton curin gishiri, tare da farar wuta da iskar gas da ɗan burbushin mai.

Bayanin abin shi ne, gishirin da ke binne can cikin ƙasa bai kai duwatsun da suka danne shi nauyi ba. Saboda haka a tsawon miliyoyin shekaru yakan yi ta kutsowa sama, yana lanƙwasa shimfiɗun dutsen da ke kansa. Mai kuwa ba ya ratsa gishiri, don haka yakan taru a dutsen da ya lulluɓe kan curin da kuma gefunansa.

Lucas ya yi imani cewa inda duk aka ga irin wannan tudu a gaɓar tekun, to akwai yiwuwar samun mai. Sai dai a lokacin kusan ba wanda ya yarda da shi, domin tun bayan rijiyar da Edwin Drake ya haƙa a Titusville a 1859, mai zurfin ƙafa 69 da rabi, hankalin masu harkar ya karkata ne ga jihar Pennsylvania da maƙwabtanta.

Haɗuwarsa da Higgins

A Beaumont akwai wani mutum mai hannu ɗaya, Pattillo Higgins, wanda bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya koya wa kansa ilimin duwatsu daga littattafai. Ya daɗe yana lura da iskar gas da ke tsattsafowa daga tudun Spindletop, kuma a 1892 shi da wasu abokansa suka kafa kamfanin Gladys City domin haƙar mai a wurin.

Duk yunƙurin da kamfanin ya yi ya ci tura, saboda wani rairayi mai zurarewa da ke rufta ramin kafin a yi nisa. Kuɗi suka ƙare, mutanen gari kuma suka mai da Higgins abin dariya. Da ya ga haka sai ya buga talla yana neman wanda zai karɓi aikin, Lucas kuma ya amsa.

A 1899 Lucas ya ƙulla yarjejeniya ya fara haƙa da kuɗin aljihunsa. Ya kai zurfin ƙafa 575, ya samu ɗan mai kaɗan, amma ramin ya lalace, kuɗinsa kuma suka ƙare.

Ya nemi taimakon kamfanin Standard Oil, wanda ya turo ƙwararrensa Calvin Payne ya duba wurin, ya ce babu alamar mai. Wani jami'in hukumar binciken ƙasa ta Amurka, Willard Hayes, shi ma bai ba shi ƙwarin gwiwa ba.

Wanda ya saurare shi shi ne William Battle Phillips na Jami'ar Texas, wanda ya haɗa shi da John Galey da James Guffey, wasu gogaggun masu haƙar mai daga birnin Pittsburgh da ke samun rance daga bankin iyalan Mellon. Sun amince su zuba kuɗi, amma bisa sharaɗi mai tsauri. Kaso 1 cikin 8 kawai aka bar wa Lucas, Higgins kuwa ba a sa shi cikin yarjejeniyar ba sam.

Yadda aka ci ƙarfin rairayi

Galey ya ɗauko 'yan'uwan nan na gidan Hamill daga garin Corsicana, inda suka yi suna wajen haƙa da injin juyi. Al Hamill da Curt Hamill da wani abokin aikinsu Peck Byrd suka fara sabuwar rijiya ranar 27 ga watan Oktoban 1900.

Tsohuwar hanyar haƙa ita ce a ɗaure wani ƙarfe mai nauyi da igiya, a riƙa ɗaga shi ana saki yana daka dutse, kamar yadda taɓarya ke daka a turmi. Wannan hanya tana aiki a ƙasa mai tauri, amma a rairayi ramin yakan cike da zarar an ɗaga ƙarfen.

Injin juyi kuwa yana murza dogon bututu ne mai haƙora a baki, ana tura ruwa ta cikinsa, ruwan ya fita ta ƙasa ya dawo sama ta gefe ɗauke da ɓaraguzan da aka haƙa. To sai dai a Spindletop rairayin shanye ruwan ya riƙa yi, bangon ramin yana zubowa.

Dabarar da suka yi ita ce maye gurbin ruwan da kwaɓaɓɓiyar laka. Ana ba da labarin cewa shanun wani manomi aka kora cikin kududdufin da ke gefen rijiyar suka tattake shi har ya yi kauri. Lakar ta shafe bangon ramin kamar yaɓe, ta toshe kafofin rairayin, nauyinta kuma ya tokare bangon ya hana shi ruftawa.

Bugu da ƙari, sun riƙa zura bututan ƙarfe a jikin ramin, babba daga sama, ƙarami daga ƙasa, domin su killace sassan da aka riga aka wuce. Mutum uku ne ke aikin dare da rana suna karɓa-karɓa, saboda tsayar da famfon na iya jawo asarar ramin baki ɗaya.

Kwana tara

Rijiyar tana da zurfin ƙafa 1,139 lokacin da ta ɓalle. Lucas yana cikin gari a wannan safiya, mai ɗakinsa ce ta aika a sanar da shi.

An ƙiyasta cewa rijiyar ta riƙa fitar da kimanin ganga 100,000 a kowace rana. A shekarar 1900 kuwa, abin da ɗaukacin rijiyoyin Amurka suka samar bai wuce ganga miliyan 64 ba, wato rijiya guda ta zo da fiye da rabin abin da ƙasar ke haƙowa a rana.

Amma babu tanki ko bututun da zai karɓi wannan mai. An yi ta gina ganuwar ƙasa domin tare shi, ya zama tafki, bayan 'yan makonni kuma gobara ta lashe shi. Ranar 19 ga watan Janairu 'yan Hamill suka yi nasarar ja wa rijiyar wani tsari na bututu da bawul suka rufe ta. Irin wannan tsari ne ya bunƙasa ya zama abin da ma'aikatan mai ke yi wa laƙabi da bishiyar Kirsimeti.

Garin Beaumont mai mutum kimanin 10,000 ya cika ya batse, har yawan jama'arsa ya kai 50,000. Ya zuwa 1902 akwai rijiyoyi 285 cunkushe a kan tudun, kuma a wannan shekara an haƙo sama da ganga miliyan 17. Farashin ganga ya faɗi har zuwa senti 3.

Arhar man ta sa jiragen ƙasa da na ruwa da masana'antu suka fara barin kwal. A 1902 ne kuma Amurka ta sake karɓe matsayi na ɗaya a haƙar mai daga hannun Rasha. Kamfanonin Gulf da Texaco duk a wannan hada-hada suka samo asali.

Sai dai cin ba da ƙa'ida ba ya gaji da filin da wuri. Rijiyoyin da aka jera kusa da juna sun zuƙe ƙarfin iskar gas da ke turo man sama, ta yadda ya zuwa 1904 abin da filin ke bayarwa ya koma kimanin ganga 10,000 a rana. Lucas ya kasance cikin masu sukar wannan almubazzaranci.

Ƙarshen rayuwarsa

Lucas bai jima a Beaumont ba. A 1901 ya sayar da kasonsa a kan kuɗin da aka ƙiyasta sun kai dala 400,000, adadin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da dukiyar da wasu suka tara a wurin. Higgins kuwa sai da ya garzaya kotu kafin ya samu wani abu.

Daga nan Lucas ya yi aiki a Meziko da kamfanin attajirin Birtaniya Weetman Pearson, kafin ya koma Washington ya ci gaba da aikin ba da shawara, wanda ya kai shi ƙasashe kamar Romaniya da Rasha da Aljeriya. Ya kuma shugabanci kwamitin mai da iskar gas na cibiyar injiniyoyin ma'adinai ta Amurka, kwamitin da daga baya ya haifar da ƙungiyar injiniyoyin mai ta SPE.

Ya mutu ranar 2 ga watan Satumban 1921 a Washington, saura mako guda ya cika shekara 66. Shekara huɗu bayan mutuwarsa, Frank Yount ya haƙa rami mai zurfi a gefen curin gishirin Spindletop ya sake samun mai, kuma a 1927 filin ya ba da kimanin ganga miliyan 21, fiye da abin da ya bayar a tashensa na farko.

Abin da ya bari a azuzuwa

Lokacin da Lucas ke karatu a Graz babu wani fanni da ake kira injiniyancin mai. Sai a 1915 Jami'ar Pittsburgh ta yaye ɗaliban farko masu digiri a fannin.

Abin da ɗalibi ke fara koyo a darasin haƙa shi ne lissafin nauyin laka. Kowane mita 10 na ruwa a tsaye yana ƙara matsi kwatankwacin na iskar da ke kewaye da duniya, laka kuma ta fi ruwa nauyi. Idan lakar ta yi sakayau, mai da iskar gas za su kutso cikin ramin su ture ta. Idan ta yi nauyi fiye da kima, za ta tsaga dutsen ta ɓace a ciki. Aikin injiniya shi ne ya riƙe nauyin tsakanin waɗannan iyakoki biyu, ta hanyar haɗa yumɓun bentonait da ma'adinin barait.

Darasi na biyu shi ne tsara bututan da ake zurawa a jikin rami da siminti da ke riƙe su, na uku kuma shi ne shawo kan rijiya idan ta nemi ɓallewa. Na'urar da ke shaƙe bakin rijiya a irin wannan hali, James Abercrombie da Harry Cameron ne suka ƙera ta a 1922.

Tsirin man da jama'ar Beaumont suka yi wa biki a 1901, a yau babban haɗari ake ɗaukarsa. Irinsa ne ya hallaka ma'aikata 11 a dandalin haƙa na Deepwater Horizon a tekun Meziko a 2010.

Da hanyar juyi da laka aka haƙa rijiyar Oloibiri ta yankin Neja Delta a 1956, wadda zurfinta ya ninka na rijiyar Lucas sau goma, haka ma rijiyoyin Agadem a Jamhuriyar Nijar da na Kolmani da ke tsakanin jihohin Bauchi da Gombe. Kamfanonin Gulf da Texaco sun yi aiki a Najeriya shekaru masu yawa, kafin Chevron ya haɗiye na farko a 1984, na biyu kuma a 2001.

A 1936 cibiyar injiniyoyin ma'adinai ta Amurka ta ƙirƙiro lambar zinariya mai ɗauke da sunan Anthony Lucas, wadda ake bai wa waɗanda suka inganta dabarun nemo mai da haƙo shi. Kabarinsa yana maƙabartar Rock Creek da ke birnin Washington.