Kyaftin Chari Maigumeri, Jarumin Yaƙin Bama

Duk wanda ya bi ta Kawo a nan Kaduna ya san Barikin Dalet, amma ba kowa ya san inda aka samo sunan ba. Dalet wani rafi ne a kurmin Arakan, can ƙasar Bama, inda sojan Nijeriya suka gwabza da Japanawa a 1945. Cikin mazajen da suka yi yaƙin nan na Bama, babu wanda sunansa ya fi na marigayi Chari Maigumeri fita.

Shi mutumin ƙasar Barno ne. Abin mamaki, ba wa Ingilishi ya fara yi wa soja ba. A 1913 ya shiga sojan Jamus a Kamaru, yana saurayi, har suka ba shi lambarsu ta jaruntaka saboda yadda ya yaƙi Ingilishi. Da Garwa ta faɗi a 1915 aka kama shi. A 1917 sai ga shi cikin kakin sojan Nijeriya, aka kai shi Afirka ta Gabas ya yaƙi iyayen gidansa na da. Daga nan ya yi ta samun igiya har ya zama Saje-manja na Bataliya ta 3.

Da Yaƙin Hitila ya ɓarke, bataliyarsa ta tafi Habasha ta kara da Italiya, ya sami lambar jaruntaka ta M.M. Sa'an nan aka tsallaka teku da su zuwa Bama.

To, nan ne aka sha wuya. Kurmin Arakan ba irin dajinmu ba ne da mahayi ke hango ƙurar abokin gaba tun daga nesa. Gora ce cunkus, ga tsaunuka, ga rafuffuka, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Babu hanyar mota, saboda haka a ka ake ɗaukar harsashi, abinci kuwa jirgin sama ke jefowa. Zazzaɓi da atuni suna kayar da mutane kamar yadda bindiga ke yi. Hafsoshi duk Turawa ne, da yawansu Hausarsu ba ta nuna ba, don haka Saje-manja shi ne uban samari, shi ke tsai da zukatansu in dare ya yi. A Janairun 1945 sojanmu suka shiga garin Myohaung. An ambaci sunan Chari cikin rahoton yaƙi don yabo, a 1944 kuma an ba shi lambar B.E.M. Da yawa daga cikin yaransa ba su komo ba. Waɗanda ba a san kabarinsu ba, an rubuta sunayensu a jikin dutsen tunawa a maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangun.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutumin da ya ga yaƙin duniya biyu dole ya sara wa ƙaramin Laftana Bature da bai kai ɗansa ba. Sai a 1953, shekarar da ya je Landan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth, ya kuma bar aiki bayan shekara 36, aka ba shi muƙamin Kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa aka sa masa.