Patrick Troughton: jarumin da aka goge aikinsa a Landan, aka tsinto shi a Jos

Idan ka taɓa neman bidiyon bikin yayarka ko na ranar saukarku a waya, ka tarar kai da kanka ka goge shi don ka samu wurin sauke wani fim, to ka riga ka san rabin labarin da zan ba ka yau. Ɗaya rabin na wani Bature ne, Patrick Troughton, wanda ya mutu tun 1987, amma wani yanki mai kyau na aikinsa ya kwana fiye da shekara 30 a kan kanta cikin wani ɗaki a Jos, mutanen ƙasarsu na can suna kukan ya ɓace har abada.

Bari mu fara da shirin da ya sa aka san shi. In kana ganin Daɗin Kowa ya daɗe, to BBC ta fara nuna Doctor Who ne ranar 23 ga Nuwamba 1963. An tsayar da shi a 1989, aka dawo da shi a 2005. Labarin wani baƙo ne daga wata duniya, ana ce masa Dakta kawai, yana yawo cikin wani shuɗin akwati mai suna TARDIS. Daga waje akwatin bai fi rumfar mai cajin waya ba, ciki kuwa fili ne guda. Yau ya kai shi zamanin da, gobe ya kai shi shekara dubu nan gaba. Jarumai da yawa sun hau wannan matsayi, har da Ncuti Gatwa haifaffen Ruwanda. Troughton shi ne na biyu, kuma a ganina da ya gaza, da babu na uku.

An haife shi ranar 25 ga Maris 1920 a Mill Hill, arewacin Landan. Mahaifinsa lauya ne. Ya koyi wasan kwaikwayo a Landan, ya samu tallafin ƙaro karatu a New York. Yana can Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai ya hau wani jirgin ruwan Beljiyam zai koma gida. Dab da gaɓar Ingila jirgin ya taka nakiya ya nutse, shi kuma ya tsira a kwalekwalen ceto. Wani ne da ya yi rantsuwa shi da teku har abada. Shi kuwa a 1940 sai ya shiga sojan ruwa, ya yi aiki a ƙananan jiragen yaƙi masu gudu, har ya kai ga shugabantar ɗaya daga cikinsu. Idan sanyin teku ya tsananta, yakan ɗauki irin hular nan da Turawa ke rufe butar shayi da ita ya kifa a kansa. Riƙe wannan hoton a ranka, domin kusan haka Daktansa ya fito daga baya: mutumin da za ka yi wa dariya, alhali shi ke riƙe da jirgin.

Bayan yaƙi ya koma sana'arsa. Ya fito a Hamlet na Laurence Olivier a 1948. A 1953 ya zama mutum na farko da ya fito a matsayin Robin Hood a talabijin. A 1963 shi ne makahon tsohon nan na Jason and the Argonauts. Irin ɗan wasan nan ne da kake gani a fim goma ba ka gane mutum ɗaya ba ne, kuma haka yake so. Ba ya son hira da 'yan jarida, don yana ganin idan mutane suka san shi sosai, za su daina yarda da mutanen da yake kwaikwaya. Ka kwatanta da yau, da jarumi ba ya iya cin tuwo sai ya ɗora a TikTok.

A 1966 Doctor Who ya shiga tsaka mai wuya. William Hartnell, wanda ya fara fitowa a Dakta, lafiya ta ƙi, har yana manta kalamansa a gaban kyamara. Shirin na da farin jini, amma jaruminsa ba zai iya ci gaba ba. Sai masu shirin suka yi wata kasada: tunda Dakta ba ɗan Adam ba ne, me zai hana jikinsa ya sabunta? Ranar 29 ga Oktoba 1966 yara a Birtaniya suka ga tsoho mai farin gashi ya faɗi a cikin TARDIS, fuskarsa ta narke ta koma ta wani. Wannan wanin shi ne Troughton, yana da shekara 46.

Abin da ya yi mai hikima shi ne bai kwaikwayi Hartnell ba ko kaɗan. Na farko dattijo ne mai faɗa. Na Troughton ya zo da kwat ɗin da ta yi masa yawa, wando kamar na aro, gashi a hargitse, ga 'yar sarewa da yake hurawa a lokacin da kowa hankalinsa ya tashi. Yana jin tsoro, yana gudu, yana yi kamar bai gane komai ba. Sai mugu ya raina shi ya saki jiki, sannan ka ga idonsa ya canza na daƙiƙa ɗaya, ka gane tun ɗazu ya gama lissafinsa. Masu kallo suka karɓe shi, daga nan canjin fuska ya zama dabarar da ta riƙe shirin fiye da shekara 50. Matt Smith, wanda ya hau matsayin a 2010, bai ɓoye cewa daga Troughton ya ɗauki darasi ba.

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Kashi 119 ya yi cikin ƙasa da shekara uku, kusan kowane mako ana ɗauka. Ya gaji, kuma yana tsoron kada a manne masa matsayi ɗaya, sai ya ajiye a watan Yuni 1969. Ya ci gaba da wasu ayyukan. Masu son fim ɗin ban tsoro za su tuna limamin cocin nan na The Omen a 1976. Sau uku yana dawowa Doctor Who a matsayin baƙo.

Ɓoye kansa da yake yi bai tsaya a aiki ba, kuma nan ba wurin yabo ba ne. Ɗansa Michael ya ba da labari a littafin da ya rubuta kansa cewa Troughton ya bar matarsa ta farko da 'ya'ya uku ya kafa wani gidan, kuma aka shafe fiye da shekara 20 ana ɓoye wa mahaifiyarsa, ana taruwa a gabanta kamar komai lafiya. Ka ga yara ke nan aka sa su wasan kwaikwayon da ba su nema ba. Duk da haka sana'ar ta bi jini: 'ya'yansa David da Michael 'yan wasa ne, kuma Dudley, yaron nan mai cin zali a Harry Potter, jikansa ne, Harry Melling.

Zuciya ta buga masa sau biyu, a 1979 da 1984, likitoci suka ce ya rage aiki, bai ji ba. A Maris 1987 ya tafi taron masoyan irin waɗannan shirye-shirye a garin Columbus na jihar Jojiya a Amurka. Da safiyar 28 ga wata, kwana uku bayan ya cika 67, ya yi odar abin karin kumallo a otel, zuciyar ta buga na ƙarshe.

Ya mutu mafi yawan aikinsa na Dakta babu shi. Ba gobara aka yi ba, ba sata ba. A wancan zamani kaset ɗin bidiyo na da tsada ƙwarai, kuma babu wanda ya yi tunanin za a sake neman shirin yara na baƙi-da-fari. Sai BBC ta riƙa goge kaset tana ɗora sabon shiri a kai, daidai yadda ka yi da bidiyon bikin yayarka. Kwafin da aka yi a kan fim don sayar wa ƙasashen waje ma aka lalata da yawa a shekarun 1970. Sai a 1978 aka daina. Abin da ya rage na kowane kashi da ya ɓata shi ne sauti, shi ma don wasu masoya sun riƙa kafa rikoda a gaban talabijin a gidajensu.

Amma waɗancan kwafin na ƙasashen waje ba duka suka koma gida ba. Tsarin shi ne tasha ta nuna, ta miƙa wa ta gaba, daga wannan ƙasa zuwa waccan, ta ƙarshe ta mayar ko ta lalata. Najeriya na cikin masu saye. Tun tsakiyar shekarun 1980 an samo wasu labaran zamanin Hartnell a nan. Sannan a Oktoba 2013 BBC ta sanar cewa wani Bature mai bin sawun tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya samo kashi tara na zamanin Troughton a wata tashar talabijin a Jos. Wani ma'aikaci dai bai mayar ba, bai kuma ƙona ba, ya ajiye gwangwanayen ya tafi harkarsa. Ni ina zargin sanyin Jos ma ya yi nasa taimakon. Da a nan Auyo ne, tsakanin zafin bazara da ruwan damina, ban san me za a tarar a ciki ba.

To me aka samo? Labari biyu ne, kuma na kalle su a waya.

Na farko The Enemy of the World, wato Maƙiyin Duniya, kashi shida, an nuna shi daga Disamba 1967 zuwa Janairu 1968. Kafin Jos kashi na uku kawai ake da shi, kuma shi ne mafi rauni: yawancinsa a wani lungu da ɗakin girki ake ta magana. Da wannan guda ɗaya aka yi wa labarin hukunci shekara da shekaru, aka ce ba shi da daɗi. Da sauran biyar suka dawo, sai masu sharhi suka fara lashe amansu. Kashi na farko ya buɗe da Dakta ya tuɓe ya ruga cikin teku kamar yaro, kafin ka ankara ana harbinsa, ga jirgi mai saukar ungulu. Dalilin harbin shi ne kamarsa ɗaya da wani shugaba mai suna Salamander, kuma Troughton ne ya fito a duka biyun. A nan za ka ga gwanintarsa: akwai inda yake Dakta yana kwaikwayon Salamander, kuma kana iya bambance wannan da Salamander na gaske. Abin da bai yi mini ba shi ne duhun da aka shafa masa a fuska da karin harshen da aka ƙaƙaba masa don ya zama mutumin Meziko. A 1967 an ga daidai ne. Yau sai ka ɗan kau da kai.

Shi Salamander duniya na ganinsa mai ceto, don ya kawo fasahar da ta wadata mutane da abinci. Ashe a ƙarƙashin ƙasa ya ɓoye wasu bayin Allah shekara biyar, ya yi musu ƙaryar cewa yaƙin nukiliya ya cinye duniya, yana sa su tayar da girgizar ƙasa da aman wuta, shi kuma ya fito ya ce ai ya yi gargaɗi. Labarin an ɗora shi a shekarar 2018 ne. Da na ga haka sai da na ajiye wayar, domin 2018 shekara ce da mutanen Auyo ba sa mantawa, shekarar da ambaliya ta ci gidaje da gonaki. Ba ina cewa akwai wani Salamander a bayan ruwanmu ba. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gonar shinkafar da ruwa ya shanye, yana jin manya na musu ko ruwan sama ne, ko na madatsun Tiga da Challawa, ko kachalar da ta toshe hanyar kogi, zai gane tambayar da wannan tsohon shiri ke yi: a cikin bala'i, ina ƙaddara ta tsaya, ina hannun mutum ya fara, kuma wa ke cin riba?

Na biyu The Web of Fear, na Fabrairu da Maris 1968. Wasu dodanni masu gashi, waɗanda a zahiri injina ne, sun mamaye hanyoyin jirgin ƙasa na ƙarƙashin Landan, 'yan sojoji kaɗan sun maƙale a ciki, kuma ɗayansu munafuki ne. Duhu da rashin yarda da juna ne ƙarfinsa, dodannin kansu in haske ya yi yawa sai ka ga kamar buhunan auduga ne ke tafiya. Abin dariya, kashi na biyu da aka sha wahalar samowa kusan babu Troughton a ciki, don ya tafi hutu a makon. Wannan masoya sun fi yabo, ni dai na farkon ya fi zauna mini.

Kafin ka yi wa BBC dariya, gwada wani abu. Shiga YouTube ka nemi Samanja daga farko zuwa ƙarshe, ko wasannin Kasimu Yero, ko Karkuzu, wanda shi ma a Jos ɗin ya zauna. Ƙirga kashi nawa za ka samu cikakku, sannan ka tambayi babanka nawa ya kalla. Mu nan ma da harshenmu na Auyokawa, ya tafi babu mai jin sa yanzu, kuma ba a kafa masa rikoda ba.

Har yau fiye da kashi 50 na Troughton ba a gan su ba. Cikinsu akwai kashi na uku na The Web of Fear, inda Dakta ya fara haɗuwa da Kanar Lethbridge-Stewart, sojan da ya zama amininsa na shekaru masu yawa a shirin. Morris ya ce lokacin da ya fara ganin gwangwanayen a Jos wannan kashin na cikinsu, amma kafin a kwaso su ya yi ɓatan dabo. A fitowar 2013, idan ka zo wurin a kallo, hotuna marasa motsi kake gani, muryar Troughton na tafiya a kansu.