Likita Mila: Mai Bisharar da Aka Kora Daga Kano

Mun shiga kwana 40 na azumi, daga Larabar Toka har zuwa Idin Tashin Ubangijinmu daga matattu. A wajenmu, ƙasar Bichi da Tsanyawa da Kunci da Dambatta, lokacin yakan zo ne a ƙarshen rani zuwa bazara. Manomi yana tuge tushiyar dawa, yana tara ƙaya yana ƙonawa, yana kai taki a kan jaki ko amalanke yana zubawa tsibi-tsibi. Gonakinmu ƙanana ne, kowace shekara ana nomansu ba hutu, saboda haka wanda bai kai taki da rani ba, kaka za ta tona masa asiri. Aikin azumi ke nan a cikin zuciya. Domin mu gane shi sosai, bari mu dubi rayuwar wani bawan Allah, Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suka sani da Likita Mila.

An haife shi a Ingila a 1872. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya ba da kansa ga aikin bishara a ƙarƙashin ƙungiyar CMS ta Ikkilisiyar Angilika. Kafin ya taka ƙasar Hausa, an tura shi Tarabulus a Arewacin Afirka, inda fatake da alhazai Hausawa suke yada zango. A bakinsu ya fara koyon Hausa. Saurayi ne mai kaifin basira, mai zafin himma, kuma zuciyarsa duk tana kan birni guda, wato Kano.

A farkon 1900 suka taso daga Ikko su biyar, a ƙarƙashin jagorancin Bishop Herbert Tugwell. A lokacin Turawa ba su ci Kano ba, sai a 1903. Gwamna Lugga ma bai so wannan tafiya ba. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da kyau, wannan kuwa ya ƙara musu ƙarfin gwiwa, suka wuce ba tare da sun jira izinin Sarkin Kano ba. Suka isa birnin a watan Afrilu, cikin tsananin zafi. Sarki Aliyu Babba bai yarda su zauna ba. Ya ba su 'yan kwanaki su tattara kayansu su fita.

Suka koma Girku a ƙasar Zazzau. A can ɗayansu, Claude Dudley Ryder, ya rasu. Wani kuma, Richardson, ciwo ya sa aka mai da shi gida. Daga baya gidan da suka gina ya ƙone. Tafiyar da aka yi ta shelarta a Ingila ta ƙare da kabari da toka.

Abin da ya sa na zaɓi wannan mutum domin lokacin azumi shi ne abin da ya yi da wannan kunya. Da ya manyanta yana rubuta tarihin aikinsa, bai ɗora dukan laifin a kan sarkin da ya kore su ba. Ya yarda cewa shigarsu Kano a yadda suka yi babban kuskure ne. Nufinsu mai kyau ne, amma sun shiga gidan mutane ba sallama, sauri kuwa ya haifi nawa. 'Yan'uwa, tuba daga sata ko maye kowa ya san ta. Wadda ta fi wuya ita ce tuba daga kuskuren da muka yi da sunan aikin Allah. Dattijon ikkilisiya da ya tsawata wa matashi a gaban jama'a har yaron ya daina zuwa sujada, ko shugabar zumuntar mata da ta yaɗa sirrin wata da sunan roƙon addu'a, sukan ce ai domin gaskiya suka yi. Zabura 51 tana koya mana cewa hadayar da Allah yake karɓa ita ce zuciyar da ta karye ta daina kāre kanta.

Mila bai gudu gida ya zauna ba. Ya dawo ƙasar Zazzau, a 1905 kuma ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya da yardar Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin shan magani da ƙaramar makarantar yara maza. Shekara ta bi shekara, waɗanda suka karɓi baftisma ba su da yawa. Mutumin da ya yi mafarkin cin babban birni cikin mako guda ya koma wanke gyambo, da koya wa yara karatu, da zama da malamai yana tambayar ma'anar kalma ɗaya ɗaya.

A 1913 wani abin da bai shirya ba ya same shi. Tun kusan shekara 50 kafin nan, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an kashe wani malami mai suna Ibrahim a kasuwar Kano saboda koyarwarsa a kan girman Annabi Isa. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, da yawa suka nufi ƙasar Ningi. Waɗansu daga zuriyarsu ne suka zo wurin Mila a Zariya da ƙafarsu, suna neman ƙarin sani a kan Yesu. Kanon da ta rufe masa ƙofa, ashe tun yana ba a haife shi ba Allah ya riga ya yi shuka a cikinta. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, aka gina majami'a da makaranta, wani fasto daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson, yana kiwonsu.

Murnar ba ta daɗe ba. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake kawowa, ya faɗa wa Gimi. Cikin 'yan shekaru ya kashe mutane da yawa, aka kwashe sauran, yawancinsu yara, zuwa Zariya. Likita ne, amma yana ji yana gani garken ya ƙare a gabansa. Duk wanda ya taɓa shuka bayan ruwan fari, sa'an nan fari ya biyo baya ya ƙone tsiron, ya san irin wannan baƙin ciki. Ya kuma san cewa manomi ba ya zama yana kuka, sake shuka yake yi.

Gwaji na uku ya zo a 1929, sa'ad da aka fitar da mishan daga cikin ganuwar Zariya zuwa Wusasa. Mila bai so haka ba ko kaɗan, gama ya yi fiye da shekara 20 a cikin birnin. Kada mu ɓoye, mutum ne mai kaifin harshe, ya sha saɓani da jami'an mulkin mallaka, da sarakuna, har da abokan aikinsa. Amma aikin ya wuce hannun matasa, shi kuwa ya koma Kano, garin da aka kore shi shekara 30 da suka wuce. A wannan karo ya zo da takardu da alƙalami. Ya duƙufa a kan fassara, tare da taimakon Hausawa masu bi da ma'aikatan waɗansu mishan, irin su Dokta Andrew Stirrett na SIM. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a karo na farko. Littafin ya shiga ƙauyukan da Mila bai taɓa takawa ba, har da namu, ya zama abincin ikkilisiyoyi daga Filato zuwa Maraɗi.

Makarantar nan ƙarama ma ta ba da amfani. Daga cikinta Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya. Daga zuriyar Isawa kuma aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Mila ya bar CMS, ya koma Ingila na ɗan lokaci, amma zuciyarsa ta dawo da shi Arewa. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952, yana da shekara 80.

To, me za mu yi da wannan labari a cikin kwanakin nan? Da fari, kowa ya zauna gaban Allah ya ambaci kuskurensa da sunansa, musamman wanda ya daɗe yana lulluɓe shi da rigar himma. In akwai wanda ka ɓata wa rai, ko ɗan'uwa a majami'a, ko maƙwabcinka Musulmi da kuke rikicin iyakar gona, je ka same shi kafin Jumma'a Mai Kyau. Na biyu, Ishaya 58 ya nuna cewa azumin da Allah yake so yana tafiya tare da ciyar da mayunwaci da sakin wanda aka danne. Yanzu ne rumbuna suke fara yin ƙasa, hatsi yana tsada a kasuwa. Mudun da ka rage saboda azumi, kai shi gidan gwauruwa, kuma kamar yadda Ubangiji ya koyar a Matiyu 6, kada kowa ya ji. Na uku, kada ka auna girmanka cikin ruhaniya da abin da ido yake gani a yau. Wanda ya zuba taki a watan Maris ba ya tsammanin zangarniya a watan Afrilu. Tsakanin korar Mila daga Kano da fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa shekara 32 ne.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai saurin tuba da haƙurin jiran damina tasa, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.