Umberto Boccioni, Mai Zanen Da Ya So Ya Kama Gudu

An haifi Umberto Boccioni ran 19 ga Oktoba, 1882, a Reggio Calabria, can kudancin ƙasar Italiya. Ubansa ma'aikacin gwamnati ne, saboda haka yaro ya tashi yau wannan gari gobe wancan. Da ya zama saurayi sai ya nufi birnin Roma don koyon zane, inda shi da abokinsa Gino Severini suka shiga hannun Giacomo Balla. Balla ya koya musu dabarar jera ɗigo-ɗigo da gajerun layuka na launi dabam-dabam, ba tare da an cakuɗa su ba, yadda idon mai kallo ne zai haɗa su, hoto ya riƙa ƙyalli.

A 1907 Boccioni ya koma Milan, birnin masana'antu da taragon lantarki. Nan ya ga duniya tana sakewa, alhali masu zane na Italiya suna nan suna kwaikwayon magabata. Cikin haka ne wani marubuci, Filippo Tommaso Marinetti, ya buga sanarwa a jaridar Le Figaro ta Faransa ran 20 ga Fabrairu, 1909, ya kafa ƙungiyar Futurizim, wato 'yan gobe. Ya yabi inji da gudu, ya kushe gidajen kayan tarihi, har ma ya yabi yaƙi.

A 1910 Boccioni da Balla da Severini da Carlo Carrà da Luigi Russolo suka sa hannu a sanarwa biyu ta masu zane. Abin da suka tsaya a kai shi ne, ba abin da ke tsaye cik a duniya, don haka aikin mai zane ya nuna motsi. Doki mai sukuwa, a ganinsu, ido ba ya ganinsa da ƙafa huɗu, sai da ƙafafu barkatai. Sun kuma so mai kallo ya ji kamar yana tsakiyar hoton ne. A shekarar nan Boccioni ya fara babban hotonsa na birni mai tasowa: wani ƙaton jan doki yana fizgar leburori a wurin gini. Hoton yana New York yanzu.

A 1911 ya tafi Paris, ya ga yadda Picasso da Braque suke farfasa siffar abu su nuna shi ta fuskoki da yawa. Ya ɗauki dabarar, amma ya sa mata motsi, kamar yadda ya nuna cikin hotuna uku na tashar jirgin ƙasa: sallama, masu tafiya, da waɗanda aka bari. A Fabrairun 1912 ƙungiyar ta baje hotunanta a Paris, sa'an nan Landan da Balin. A 1913 kuma ya ƙera siffar wani mutum marar hannuwa yana taku, kamar iska tana yayyaga jikinsa. Ita ce Italiya ta sa a kwabonta na santi 20 na kuɗin Yuro.

Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915, Boccioni da abokansa suka ba da kansu, ya shiga rundunar masu kekuna. A 1916 aka sa shi cikin sojan igwa kusa da Verona. Wajen horo doki ya kā da shi, washegari, ran 17 ga Agusta, ya mutu yana da shekara 33.

Bayansa Marinetti ya bi Mussolini, abin da ya shafa wa ƙungiyar baƙin jini. Duk da haka, a cikin shekara shida kacal Boccioni ya nuna wa masu zane cewa titi da tasha da wurin gini sun isa a zana su, kuma ana iya sa hoto marar rai ya yi kamar yana tafiya.