Muhammadu Rumfa, Sarkin Da Ya Gina Fadar Kano

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan ya san sunan Gidan Rumfa, amma ba kowa ya san mutumin da ya gina shi ba.

Muhammadu Rumfa ɗan Sarkin Kano Yakubu ne, jikan Abdullahi Burja. Ya hau gadon sarauta cikin 1463, ya riƙe Kano har 1499. A zamaninsa ne jiragen Turawan Fotugal suka fara zuwa gaɓar Ikko. Masana tarihi na cewa kafin ya zama sarki shi ne Makama, kuma dominsa aka gina Gidan Makama.

Da ya hau, sai ya ga tsohon gari na gindin Dala ya yi wa jama'a kaɗan. Ya faɗaɗa ganuwa, sa'an nan ya gina sabuwar fada a filin da ya shigo ciki, mai girman eka 33, da soraye da zauruka da sheka, watau lambun sarki mai itatuwa.

Rumfa ya san fada ba ta tsayuwa sai da kasuwa da shawara. Don haka ya kafa Kasuwar Kurmi, inda fatake daga Borno da Gwanja da ƙetaren Sahara suke sauke kaya. Ya kafa majalisar Tara ta Kano, manyan 'yan sarauta tara masu ba sarki shawara. Shi ne ya fara kakaki da figini da takalmin gashin jimina da dawakin zage, har da kulle. Ya kuma ba bayin sarki manyan muƙamai.

Wajen 1492 Shehu Muhammadu al-Maghili, malami daga Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, ya sauka Kano. Sarki ya karɓi baƙon hannu bibbiyu, shi kuwa ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. A wannan zamani aka sare itaciyar da ake bauta wa, aka gina masallacin Jumu'a a wurin.

Ba kome ne ya zo masa da sauƙi ba. Shekara 11 yana yaƙi da Katsina, ba wanda ya ci wani. Ya rasu cikin 1499, ɗansa Abdullahi, ɗan Madaki Auwa, ya gaje shi.

Bayan Jihadi sarakunan Fulani suka shiga gidan nan. Bajamushen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya je gaisuwa can cikin 1851. Turawan Ingila sun ci Kano cikin 1903, amma fada ta tsaya. A ƙasar Jamus kuwa, manyan fadojin da aka gina shekara 200 bayan Rumfa yawancinsu sun zama gidajen kallo, domin sarautar ta ƙare tun 1918. A Kano Gidan Makama ne ya zama gidan ajiye kayan tarihi, Gidan Rumfa kuwa har wa yau ana zaman fada a cikinsa, Kurmi ma tana ci.

Saboda haka wanda ya tafi gida da Salla, ya kai yaransa Gidan Makama, musamman waɗanda aka haifa a kudu, su ga abin da kakanninsu suka gina da ƙasa da azara. Allah ya jiƙan Rumfa, amin.